Kwanon fitila na haɗin gida: me ke sa haske ya miƙe, me ke sa ya watse

Akwai wani ƙwan LED da ya cika shagunan kayan wuta yanzu, ɗan fale-fale mai kusurwa huɗu da ruwan ɗorawa a tsakiya, an rubuta wat 50 ko wat 100 a ledarsa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duk mai ɗan hannu a harkar waya in ya gan shi tunani ɗaya yake yi, bari in saya in ɗaura masa kwano in samu fitilar da zata haska min gona tun daga wannan gefe har wancan, ko filin ƙwallo, ko bakin layi saboda 'yan sintiri. Sai a samo kwanon silba ko murfin tukunya a huda gindinsa a zura ƙwan, a kunna, gaban mutum yayi fes kamar rana, amma taku hamsin gaba duhu ne ɗumɗum, alhali wata 'yar tocila mai caji da bata kai wat 10 ba tana nuna maka bishiyar da ke can ƙarshen fili. Daga nan sai a ce ƙwan jabu ne. Wani lokacin jabun ne, amma ko na ainihin ne haka zai yi, domin matsalar tana tsakanin girman ƙwan da girman kwanon, kuma wannan wurin nake so mu tsaya a kai sosai.

Haske in ya bugi fuska mai sheƙi yana komawa ne da irin kusurwar da ya zo da ita, kamar ƙwallon da ka buga a bango a karkace, ta wancan ɓangaren zata fita a karkace daidai gwargwado. To aikin mai haɗa kwano gaba ɗaya shine ya lanƙwasa ƙarfen yadda duk inda hasken ya sauka a jikinsa zai juya ya nufi gaba. Siffa ɗaya ce tak ke yin wannan aikin cif, ita ce farabola, wato irin lanƙwasar kwanon dish na talabijin, kuma ba sabon ilimi bane, wani Bagirke mai suna Diocles ya tabbatar da shi wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, Ibn Sahl ya yi rubutu a kan madubai masu ƙona abu a Bagadaza wajen shekarar 984, Ibn al-Haytham ma ya zo ya ƙara a kai. Abin da farabola ta keɓanta da shi shine tana da wani ɗigo guda a gabanta, matattara, duk hasken da ya taso daga wannan ɗigon ya bugi kwanon zai fita a miƙe sambal. Ka riƙe kalmar nan ɗigo, domin alƙawarin farabola a kan ɗigo yake, kuma babu fitilar da take ɗigo a duniya.

Gano matattara ba wuya. Ka auna faɗin bakin kwanon, ka ninka shi da kansa, sai ka raba da zurfin kwanon sau 16. Kwano mai faɗin santimita 30 da zurfin 7.5, 900 kenan a raba da 120, ya baka 7.5, wato matattarar tana daidai saitin bakin kwanon. In kuma zana taka zaka yi daga farko, lissafin juyawa yake, zurfin kowane wuri shine nisansa daga tsakiya a ninka da kansa a raba da nisan matattara sau 4. A wannan kwanon namu rabawa da 30 kenan, a santimita 3 daga tsakiya ƙarfen ya ɗago 0.3, a 6 ya ɗago 1.2, a 9 ya kai 2.7, a 12 ya kai 4.8, a 15 ya cika 7.5. Ka ɗiga waɗannan a kwali mai kauri ko siririn katako, ka haɗa layin, ka yanke, ka samu ma'aunin da zaka riƙa kifawa cikin kwanon kana juyawa kana ganin inda ya taɓa da inda ya bar rata. Wanda bai yanki wannan ma'aunin ba da ido yake aiki, kuma ido ba ya bambance farabola da gefen tulu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ƙwan nan na wat 100 wurin da ke fitar da haske a jikinsa a ce santimita biyu da rabi ne kowane gefe, ƙananan LED ɗari ne aka jera goma-goma aka shafe da ruwan ɗorawa. Tsakiyarsa kaɗai zata zauna a matattara, sauran duk a gefe suke, kuma hasken kowane gefe zai fita a karkace. Yawan karkacewar lissafinta mai sauƙi ne, girman ƙwan a raba da nisan da ke tsakaninsa da jikin kwanon. 2.5 a raba da 7.5 kashi ɗaya cikin uku ne, ma'ana duk mita uku da hasken ya yi gaba zai buɗe mita ɗaya, a mita 100 da'irar hasken ta kai faɗin mita 33. Ka ɗauko ƙaramin LED mai milimita 3 ka saka a wannan kwanon dai, da'irarsa a mita 100 bata wuce mita 4 ba. Faɗi ya ragu sau takwas, filin da hasken ya bazu a kai ya ragu sau sittin da wani abu, kaga ko da babban ƙwan ya fi ƙaramin yawan haske sau goma, a can nesa ƙaramin ne zai fi nuna maka abu. Shi yasa kamfanonin tocila masu cin dogon zango suke neman LED mai milimita ɗaya ko biyu su matsa masa wuta, basa neman mai faɗi. Babu dabarar lanƙwasa ƙarfe da zata karya wannan doka, ko injin kamfani ne ya buga maka kwanon. Hanya biyu ce kawai, ka rage girman ƙwan ko ka ƙara girman kwano. Fitilun da aka riƙa farautar jiragen sama da su a yaƙin duniya na biyu, irin waɗanda Sperry da General Electric suka ƙera a Amurka, madubinsu inci 60 ne, sama da mita ɗaya da rabi, wutar kuma ɗan tartsatsi ne tsakanin sandunan gawayi biyu, ɗan wuri ƙarami mai tsananin haske a gaban ƙaton madubi, da haka suka kai kandela miliyan 800.

Wat yana faɗa maka yawan wutar da ƙwan ke ci ne, lumen kuma yawan hasken da ya fito gaba ɗaya ta kowace fuska, kandela ita ke faɗa maka ƙarfinsa a saiti guda, kuma mai son nisa kandela yake nema ko bai san sunanta ba.

Sai batun ta ina ƙwan zai fuskanta, wanda da yawa basa ma tsayawa su yi tunaninsa. Ƙwan halojin ko tsohon ƙwan waya ta ko'ina yake zubar da haske, gaba da baya da gefe, kwano ko wane iri ne zai kama rabonsa. LED kuwa gabansa kaɗai yake haskawa, kuma ya fi ƙarfi a saitin hancinsa, yana raguwa yayin da kake komawa gefe. In ka dasa shi a gindin kwano yana kallon waje, hasken da ya fi ƙarfi ficewa zai yi ta baki bai taɓa kwanon ba sam. In bakin kwanon yana digiri 45 daga saitin tsakiya, rabin hasken ya tsere kenan, in ka zurfafa kwanon har bakin ya dawo digiri 30, kashi ɗaya cikin huɗu ne ya tsere, uku suka shiga hannu. Wannan ne dalilin da kwanon tocila yake da zurfi kamar kofi. Amma kwano mai zurfi matattararsa tana can ƙasa dab da gindi, mai faɗin santimita 10 da irin wannan zurfin nisan matattararsa bai cika milimita 7 ba, kuma faɗin kwanon a saitin wurin bai kai santimita 3 ba, to ina zaka cusa ƙwan da daga kusurwa zuwa kusurwa ya kai uku da rabi? Kwano mara zurfi kuma, irin namu na 30 da 7.5, in LED yana kallon waje to aikin banza ne, ko ɗigon haske bazai taɓa shi ba tunda ƙwan yana saitin baki. Dole ka juya ƙwan ya kalli cikin kwanon, a nan duk haskensa zai faɗa ciki, sai dai ƙarfen da ke shanye masa zafi, hitsink, zai tsaya a tsakiyar hanya ya tare wani kaso. Da ƙaramin LED wannan ba komai bane, da na wat 100 kuwa hitsink ɗin da fankarsa sun isa su rufe maka tsakiyar kwanon.

A nan ne kwanon dish ke shigowa, kuma ina ganin cikin duk abin da mutum zai tsinta a gida babu kamarsa. Farabola ce ta gaske da injin kamfani ya buga, kuma irin ƙananan da ake kafawa a katanga yanki ne na gefen farabola, shi yasa hannun da ke riƙe LNB, wato ɗan kan nan mai karɓar sigina, yake ƙasa baya tare fuskar kwanon. Matattarar tana daidai bakin LNB, an riga an auna maka. Ka cire shi ka ɗaura ƙwan a gurbinsa yana kallon tsakiyar kwanon, hitsink ɗin baya tare komai. A dish mai santimita 60 nisan matattara yana kusan 35 zuwa 40, to babban ƙwan nan zai baka da'irar mita 6 ko 7 a mita 100 maimakon 33. Abin da zaka biya shine kwanon yana nesa da ƙwan, kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin ɗari na hasken yake kamawa, saura ya wuce ta gefe ya haska bayan fitilar. Wasu suna saka ɗan gilashin lensi a gaban ƙwan ya matse hasken zuwa cikin kwanon, yana ƙara abin da aka kama amma yana sa ƙwan ya ƙara girma a idon kwanon, da'irar ta ƙara buɗewa. Duk ta inda ka bi dokar nan tana nan tana jiranka. Sannan ka tuna irin wannan dish ɗin haskensa baya fita saitin inda fuskarsa take kallo, sama yake ɗagawa da wajen digiri ashirin da 'yan kai, sai ka sunkuyar da shi.

Kwanon silba na cin abinci kuwa ni bana ba da shawararsa in nisa ake so. Gindinsa a shafe yake, gefensa ya fi kusa da yankin ƙwallo, kuma yankin ƙwallo tsakiyarsa ce kawai ke tara haske wuri ɗaya, gefuna kowanne da inda yake aikawa. Wannan ciwon ne ya sa wani hafsan sojan Faransa, Alphonse Mangin, a 1876 ya ƙirƙiro madubin gilashi mai azurfa a baya wanda kaurin gilashin ke gyara kuskuren. Ga kuma shi kansa ƙarfen silban, yana ƙyalli a ido amma wajen kashi 60 cikin ɗari na haske yake mayarwa, saura ya shanye.

Abin da za'a shafe fuskar kwanon da shi yana da bakin magana sosai. Alminiyam da aka goge da kyau yana mayar da kashi 85 zuwa 90, madubin gilashi ma kusan haka, akwai farantin alminiyam na musamman da kamfanin Alanod na Jamus ke yi mai suna MIRO da ke kai 95, shi ake sawa a fitilun kamfani, in ka samu mataccen kwanon fitilar titi ko ta ofis ka duba cikinsa kafin ka sayar wa 'yan gwangwan. Fentin feshi da ake kira kurom kar ka ɓata kuɗinka, murfin gwangwanin ne ke sheƙi, a jikin ƙarfe toka-toka yake bushewa. Foyil na naɗe abinci yawan abin da yake mayarwa ba laifi, matsalarsa yamutsewa, kuma kuskure a fuskar madubi ninkuwa yake yi, in wuri ya karkace digiri ɗaya hasken zai kauce digiri biyu, digiri biyu kuma a mita 100 mita uku da rabi ne. Ɗan yamutsi a foyil kuwa yana iya wuce digiri ɗaya nesa ba kusa ba. In dole shi zaka sa, ka yanka shi siri-siri, ka shafa gam kaɗan, ka liƙa ɓangaren mai sheƙi a waje kana lailaye shi da tsumma daga tsakiya zuwa baki. Tef ɗin alminiyam na masu gyaran firji da AC ya fi shi kwanciya.

Wasu kuma yankan madubi suke yi ƙanana su jera a cikin dish, kuma dabara ce mai kyau in an san iyakarta. Kowane yanki shafaffe ne, baya tara haske, don haka yana ƙara buɗewar da'irar kamar ka ƙara wa ƙwan girma da faɗin yankin. Yanki mai santimita 1 a gaban ƙwan 2.5 ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma yanki mai santimita 3 a gaban LED mai milimita 3 ka zubar da duk ribar ƙanƙantarsa. Wannan ma yana nuna maka wani abu mai daɗi, mai babban ƙwai baya buƙatar kwano mai santsin madubin ango, ƙwan nasa ya riga ya buɗe hasken fiye da duk ɗan kuskuren guduma. Har ma 'yar ƙurji-ƙurji a fuskar kwanon tana amfani, irin wadda zaka gani a wasu tociloli kamar ɓawon lemo, da gangan aka yi ta domin ta gauraya hasken ta ɓatar da zoben ruwan ɗorawa da baƙin rami da ke fitowa a tsakiyar da'ira. To in wajen maƙera zaka je su buga maka daga farantin alminiyam, ko ka yanka shi ɓangare 12 ko 16 kamar ganyen fure ka haɗa da ribit, ka tafi da ma'aunin kwalinka, ka damu da siffar gaba ɗaya fiye da sheƙi.

Gaskiya kuma mafi yawan masu neman irin wannan fitila ba tsinin haske suke buƙata ba. Mai haska filin ƙwallo ko wurin wa'azi ko harabar shago so yake hasken ya bazu a ƙasa daidai wa daida, kar ya tafi sama a banza, kar ya shiga idon mutane. Wannan aikin babban ƙwan ya dace da shi, kuma kwanonsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, faranti ɗaya ne zaka lanƙwasa ta fuska ɗaya kamar indararo, ɓangaren sama ya fi tsawo ya rufo gaba ya danne hasken ƙasa, ko farin fenti ka shafa a ciki ya wadatar domin farin fenti mai kyau yana mayar da sama da kashi 80, a watse, babu walƙiya mai kashe ido. Ƙwan halojin mai tsawo irin na wat 500 ma wannan siffar ce tasa. Sai ka ɗaga fitilar sama sosai ka sunkuyar da ita, tsawon sanda ya fi ƙarin wat amfani a fili. Akwai kuma siffa irin ta ƙwan kaza mai matattara biyu, wadda ake zanawa da ƙusa biyu da zare, fitila a ɗaya hasken ya taru a ɗayar, ita ke cikin majigi da fitilun mota masu idon gilashi, amma sai da lensi a gabanta take aiki, ba ta mai farawa bace.

Tunda an ambaci mota, abin da ke damun kowa da dare a hanya daga wannan lissafin ya fito. Kwanon fitilar mota an ƙera shi ne a kan siririyar wayar ƙwan halojin, misali H4 mai wat 60 da 55, wanda har ɗan marfi gare shi a ƙarƙashin wayar dim da ke hana hasken tashi sama. Sai a cire shi a zura LED mai faɗi wanda haskensa baya zaune a inda wayar take, kwanon ya watsa hasken ko'ina, direban yana ganin gabansa fari tas yana jin daɗi, mai tahowa kuma ya makance na 'yan daƙiƙu a kan kwalta. Wallahi wannan abin yana ci min rai, rayuka ne a ciki.

Zafi kuwa ba abin wasa bane. Ƙwan LED na wat 100 yana cin bolt 30 zuwa 34 da amfiya 3, kuma fiye da rabin wannan wutar zafi take zama a bayansa, in ka kunna shi babu hitsink cikin ƙanƙanin lokaci zai ƙone, kwanon kuma baya maye gurbin hitsink. A shafa man nan fari mai ɗaukar zafi tsakaninsu, a ɗaure da noti huɗu, a sa fanka, a ba shi direba mai ƙayyade amfiya, kar a jona shi kai tsaye. Halojin nasa zafin ta gaba da jiki yake fitowa, gilashinsa sai ya wuce digiri 250 yake aiki daidai, don haka babu kwali, babu roba, babu gam, babu tef a kusa da shi, ƙarfe zalla da ramukan shan iska a sama, kuma ba'a taɓa gilashin da yatsa. Irin ƙwan metal halaid na manyan filaye kar a kunna shi babu gilashin kariya a gaba, yana iya fashewa. Gilashin gaban ma ko da LED ne yana da amfani, ƙurar hunturu in ta kwanta a kwano sati ɗaya ta cinye maka sheƙin da ka sha wuya a kai, gogewa kuma karce alminiyam take.

Kafin ka ɗaura ƙwan, rana zata gwada maka kwanon kyauta. Ka fuskantar da shi gare ta ka riƙe guntun katako da filaya a wajen matattara, kana matsowa kana ja baya har ɗigon ya fi ƙanƙanta. Faɗin rana a sama rabin digiri ne, a dish mai matattarar santimita 38 ɗigon da ya dace bai wuce milimita 4 ba in madubin cikakke ne, in ka samu kamar girman kwabo ka yi ƙoƙari, in ya kai tafin hannu to fuskar ta yamutse. Ka yi hattara ƙwarai, rana tana sauke kusan wat 1000 a kowace murabba'in mita, dish na 60 yana tara kusan wat 250 a wannan ɗigon, katakon zai kama hayaƙi nan take, kar hannu ya shiga, kar a kalla da ido tsirara, kar yara su tsaya kusa. Haka in an gama haɗawa, fitilar da zata kwana a waje a rufe fuskarta da rana ko a sunkuyar da ita, in ba haka ba wata rana da hantsi rana zata faɗo saitinta ta gasa ƙwan da wayoyinsa.

Gwajin dare kuma bango ake nema mai nisan mita 10 ko fiye, ba na cikin ɗaki ba, domin babban kwano haskensa baya gama haɗuwa a kusa. Ka yi mazaunin ƙwan yadda zai iya matsawa gaba da baya a kan dogon noti, milimita biyu suna canza komai. In ka ga baƙin rami a tsakiyar da'ira ƙwan ya kauce wa matattara, ka juya notin har ramin ya rufe. Manhajar auna haske ta waya ba cikakkiya bace amma ta isa kwatanta jiya da yau, ka karanta lus, wato ma'aunin hasken da ya sauka a wuri, a tsakiyar da'irar ka ninka da nisan ka sake ninkawa da nisan, lus 200 a mita 10 kandela 20,000 kenan. Masu tocila suna lissafa zango ne zuwa inda hasken ya ragu ya koma lus 0.25, kusan hasken farin wata, to wannan fitilar a takarda mita 280 take kaiwa, amma inda zaka iya bambance mutum da kututture ka ɗauki rabin haka ko ƙasa, in akwai hazo ma ya ragu sosai tunda ƙurar da ke gabanka ita zata fara dawo maka da hasken cikin ido. A irin wannan daren ka kafa fitilar gefe, ka tsaya 'yan taku nesa da ita, zaka fi ganin abin da take haskawa fiye da in kana tsaye a bayanta.